Yadda Ake Koyon Buɗe Kwaɗo Ba Da Makulli Ba, Ga Mai Farawa

Assalamu alaikum. Wannan bayani na wanda yake son sanin abin da ke faruwa a cikin kwaɗo ne, har ya kai ga buɗe nasa da 'yan siraran ƙarafa biyu. A wasu ƙasashe wasa ne na masu son aikin hannu, suna da ƙungiyoyi har da gasa. A Jamus an kafa irin wannan ƙungiya tun 1997, a Holan kuma akwai wadda ake kira TOOOL. Mu nan Bauchi, da ka ambaci maganar, sata ce za ta fara zuwa ran mai sauraro, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka akwai sharuɗɗan da sai ka amince da su kafin ka taɓa ƙarfe.

Na farko, kada ka sa hannu a kwaɗon da ba naka ba, sai idan mai shi ne ya ce ka buɗe, yana tsaye a wurin. Na biyu, kada ka yi gwaji a kan kwaɗon da ke bakin aiki, ko da naka ne, kamar na ƙofar ɗaki ko na shago, domin hannun mai koyo yana lalata kwaɗo, kuma ƙarfe kan karye a ciki. Waɗannan biyun masu wannan wasa a ko'ina sun yarda da su. Ni na ƙara na uku saboda inda muke: kayan aikinka su zauna a gida. In 'yan sintiri suka tare ka da dare a Yelwa ko Gwallameji suka sami ƙugiya, wato siririn ƙarfen da ake zurawa a buɗe kwaɗo, a aljihunka, babu mai tsayawa ya ji cewa nishaɗi kake yi. Ka kuma sanar da mutanen gidanku abin da kake koyo tun ranar farko, don kada ran da wani abu ya ɓace a fara kallonka.

Kayan aiki

Kwaɗo biyu ko uku, sababbi, masu arha. Masu sayar da kayan gini a kasuwar Wunti da Muda Lawal suna da su birjik. Nemi irin wanda makullinsa yake da haƙora a gefe ɗaya kawai, kamar Tri-Circle da 'yan uwansa da ake kawowa daga Sin. Matsakaici ya fi, mai faɗin milimita 40 ko 50, lambar tana jikinsa ko a kwalinsa. Ƙanana na jakar tafiya raminsu ya cika matsi, tsoho mai tsatsa kuwa ba zai gaya wa yatsanka komai ba.

Akwai waɗanda za ka bari a kanti tukuna. Kwaɗon da makullinsa yake da siffar rabin wata fayafayi ne a cikinsa, ba ƙusoshi ba. Wani ɗan ƙasar Finland, Emil Henriksson, ya ƙirƙiro tsarin a 1907, shi ne na kamfanin Abloy, kuma kayan buɗe shi daban ne. Haka ma mai makulli mai ɗige-ɗige a jiki, da mai makulli mai fuska huɗu, da kubar ƙofa mai dogon makulli. Duk abin da zan faɗa a nan bai shafe su ba.

Tsohuwar waifar mota. A cikin robarta akwai siraran ƙarafa guda biyu dogaye, su muke nema. Je garejin makanikai ka roƙa, yawanci a yashe suke.

Ruwan zarton yankan ƙarfe, ko da tsoho ne wanda haƙoransa suka cinye. Kaurinsa wajen milimita 0.6 ne, daidai da kaurin ƙugiyoyin da ake sayarwa a shirye.

Sai filaya biyu, ƙaramin magagari mai faɗi da wani mai zagaye, sanfefa mai laushi, tef ɗin lantarki, maka (alƙalamin zane mai kaurin baki), fensir, kofin ruwa, da tabarau na kare ido. In kana da hali ka sayi kayan a shirye ta intanet, har da kwaɗon roba mai haske da ake ganin cikinsa, babu laifi. Amma ni na fi son mai koyo ya ƙera nasa, domin wanda ya goge ƙarfe da hannunsa ya fi sanin iya ƙarfin da zai ɗauka.

Abin da ke cikin kwaɗon

Wurin da kake zura makulli wani ɗan dunƙulen tagulla ne mai juyawa a cikin gangar jikin kwaɗon. Zan kira shi zuciya. An huda ramuka huɗu zuwa shida a jere, daga gangar jiki suka ratsa cikin zuciyar. Kowane rami yana ɗauke da abu uku: ƙusar ƙasa wadda makulli ke taɓawa, ƙusar sama a kanta, sai sifirin da ke danno su ƙasa. In babu makulli, ƙusoshin sama suna tsaye rabi a zuciya rabi a gangar jiki, shi ya sa zuciyar ba ta juyawa. Makulli na gaskiya yana ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwado, yadda mahaɗar ta sama da ta ƙasa za ta faɗo kan iyakar da ke tsakanin zuciya da gangar jiki. Linus Yale ƙarami, mutumin Amurka, shi ya yi rajistar wannan tsari mai siririn makulli a 1861, ya inganta shi a 1865, kuma har yau shi ne a yawancin ƙofofinmu.

Abin da ya sa ake iya buɗe shi ba da makulli ba shi ne, babu injin da ke huda ramuka a miƙe sak. Dole wani rami ya ɗan kauce da abin da ido ba ya gani. In ka ɗan murɗa zuciyar, ƙusa ɗaya ce za ta riga sauran cijewa. Ka ɗaga ta zuwa iyaka, zuciyar ta ɗan ƙara juyawa, bakin ramin ya tokare ƙusar sama ba za ta dawo ba, sai wata ƙusar ta cije. Haka ake bi ɗaya bayan ɗaya har a gama. Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan, saura na yatsu ne.

1. Karanta makullin kafin komai

Ɗauki makullin ka ƙirga kwarin da aka yanka a bakinsa. Yawan kwarin shi ne yawan ƙusoshi. Kwari mai zurfi yana nufin ƙusar ƙasa doguwa ce, ɗagawa kaɗan take so. Mara zurfi kuwa ƙusar gajera ce, sai an tura ta sama sosai. Tun a kasuwa ka zaɓi kwaɗon da kwarin makullinsa suka kusa zama kai ɗaya. Wanda yake da kwari mai zurfi a kusa da hannu, sai mara zurfi a bayansa, zai wahalar da kai, domin wajen kai wa ta baya hannu za ka riƙa ture ta gaba ta wuce iyaka. Sa makullin ka buɗe sau da yawa, ka lura da ɓangaren da yake juyawa, yawanci dama ne, ka kuma ji ko akwai sifirin da ke mayar da zuciyar baya.

2. Haɗa majuyi

Majuyi shi ne ƙarfen da zai riƙa murɗa zuciyar. Zare ƙarfen waifa, ka yanke tsawon santimita 9 ko 10. Kama bakinsa da filaya ka lanƙwasa wajen santimita ɗaya ya yi kusurwa a miƙe. Ɗaya bakin ma ka lanƙwasa, amma gajere, rabin na farko, zai yi amfani a kwaɗo mai guntun rami. In ƙarfen yana neman tsagewa a gwiwa, gasa wurin a wutar gas ko garwashi har ya yi ja, sannan ka lanƙwasa. Daga nan kama tsakiyar hannun da filaya biyu ka murɗe shi kwata, yadda yatsanka zai kwanta a kan faɗinsa ba a kan kaifinsa ba.

Gwada shi a ƙasan ramin makulli, wato ɓangaren da babu ƙusoshi. Ya shiga ya zauna ba tare da ya cika ramin ba. In ya yi faɗi, rage shi da magagari. In yana rawa yana zamewa, yi wani, ƙarfen waifa ɗaya zai ba ka uku ko huɗu. Wanda bai sami waifa ba zai iya amfani da kilif ɗin gashi na mata, ya matse shi da filaya ya lanƙwasa kansa.

3. Ƙera ƙugiya

Karya ruwan zarto tsawon santimita 12 ko 13. Sa tabarau kafin ka karya, domin wani ƙarfen yana tartsatsi. Zana siffar da maka: santimita 8 na hannu, ka bar shi da faɗinsa, sai wuya mai tsawon santimita 4 wanda ya fara da faɗin milimita 3 ya sirance zuwa ɗaya da rabi, sai baki da ya ɗan ɗaga sama kamar milimita 2 zuwa 3. Kada ka yi bakin da tsini, bar shi da ɗan faɗi don ya zauna a ƙarƙashin ƙusa.

Ƙarfen zarto yana da tauri, magagari kaɗai zai ci maka yini. Kai shi wurin mai walda ko mai wasa wuƙa ya rage maka a injin gurza, ka ƙarasa da hannu. A nan mutane da yawa suke ɓata aikinsu: suna barin ƙarfen ya yi zafi har ya canza launi zuwa shuɗi. Ƙarfen da ya yi shuɗi ya rasa taurinsa, zai lanƙwashe a cikin kwaɗo. Gurza kaɗan, tsoma a ruwa, gurza kaɗan, tsoma a ruwa. Share haƙoran zarton gaba ɗaya, har na wurin hannu.

Sai gugar sanfefa, kuma kada ka yi mata rowar lokaci. Goge wuyan da bakin ta kowane gefe har in ka ja su a kan rigarka ba za su kama zare ba. Ƙugiya mai kaushi tana karce ƙusoshi, kuma ƙarar kartar tana rufe ɗan motsin da kake son ji. Naɗe hannun da tef ɗin lantarki, falle biyu ya isa, in ya yi kauri zai shanye jin.

In zarto bai samu ba, waya ɗaya daga ƙafar keke, a daddake bakinta da guduma ta yi faɗi, tana yin aiki. Kilif ɗin takarda ma yana buɗe kwaɗo mai arha, sai dai yana da laushi, yana lanƙwashewa kafin ya gaya maka abin da ƙusar take ciki.

4. Zama da riƙo

Zauna a inda babu hayaniya. Riƙe kwaɗon a hannun hagu, ramin makulli yana kallonka, ɓangaren ƙusoshi yana sama. Sa majuyi a ƙasan ramin, ɗora ɗan alinka na hagu a can ƙarshen hannunsa. Ƙugiya a dama, riƙon biro, yatsan tsakiya ya dafa fuskar kwaɗon. Bahago ya juya hannuwan.

5. Ƙirga ƙusoshi ba tare da matsi ba

Kada ka murɗa komai tukuna. Zura ƙugiya har ƙarshen ramin, ɗaga bakinta ya taɓa rufin, ka jawo ta a hankali. Za ka ji tana hawa tana sauka a kan ƙusoshi. Tsaya a ƙarƙashin kowace, tura ta sama, ka ji sifirin yana mayar da ita. Ba su lamba, ta kusa da kai ita ce ta ɗaya. Maimaita har ka iya zuwa kan ta uku kai tsaye idonka a rufe.

Wannan mataki ba shi da daɗi, shi ya sa masu koyo suke tsallake shi. Amma wanda bai san inda bakin ƙugiyarsa yake ba, sau da yawa ƙarfen jikin ramin yake turawa yana zaton ƙusa ce ta cije, har ya karya kayan aikinsa.

6. Matsi

Nan ne sana'ar take. Mai kallo yana zuba ido a kan ƙugiya domin ita ke motsi, amma hannun da ke kan majuyi shi ke buɗe kwaɗo. Duk wanda na ga ya daɗe yana fama, in na duba, matsinsa ne ya yi yawa.

Ga ma'auni. Ɗora yatsa a kan majuyi ka danna shi ɓangaren da makulli ke juyawa, har ka ji zuciyar ta tsaya. Daga nan kada ka ƙara komai sai nauyin yatsan. In farcenka ya yi fari, ko ƙarfen ya bar shaida a fatar yatsan, ko majuyin ya fara lanƙwasa, ka wuce gona da iri. Matsi mai yawa yana sa ƙusoshi biyu ko uku su cije lokaci guda, sai ka sa ƙarfi wajen ɗagawa, ƙusar ta tsallake iyaka ba ka ji ba. Matsi ya yi kaɗan kuma, babu wadda za ta cije, wadda ka ɗaga ma za ta faɗo da ka matsa gaba. Kwaɗon da ke da sifirin mai mayar da zuciya yana son ɗan ƙari, gwargwadon abin da zai rinjayi sifirin ɗin.

Yi wannan atisaye kafin ka nemi buɗewa. Sa matsi mai ɗan nauyi, nemo ƙusar da ta ƙi motsi, ajiye bakin ƙugiya a ƙarƙashinta kana ɗan tura ta. Yanzu riƙa rage matsin a hankali, a hankali, har ka ji ƙusar ta fara tafiya sama da ɗan jan ƙafa. Wannan wurin, inda take tafiya amma tana gogar bango, shi ne matsin da wannan kwaɗo yake so. Riƙe shi a ƙwaƙwalwar yatsanka. Kowane kwaɗo da nasa, ko da kamfani ɗaya ya yi su.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: in hannun dama ya fara aiki, na hagu yakan ƙara dannawa ba tare da mai shi ya sani ba. Duk bayan ƙusa ɗaya, tsaya ka tambayi kanka ko matsin yana yadda ka fara. Kuma in yatsan ya gaji, ajiye aikin, gajiyayyen yatsa ba ya sanin nauyinsa.

7. Nemo wadda ta cije ka ɗaga ta

Da matsi a hannu, fara daga ƙusar can ciki ka riƙa fitowa, kana taɓa kowace da ɗan turi kaɗan. Abu huɗu yatsanka zai iya ji.

In ƙusar ta tafi sama da sauƙi, sifirin ya dawo da ita, lokacinta bai yi ba. Bar ta.

In ta yi tauri tana jan ƙafa, ita ce ta cije. Ita kaɗai za ka yi aiki a kanta. Ɗaga ta sannu, kana jingina wuyan ƙugiya a kan ƙasan ramin ko a kan yatsanka, har ka ji ɗan ƙas. Wani lokaci kunne zai ji, wani lokaci majuyi ne kawai zai ɗan motsa a ƙarƙashin yatsanka. Da ka ji, tsaya nan take.

In ƙusar ta zama sako-sako, babu sifirin a kanta, tana ɗan tafiya kaɗan sai ta tokare, wannan ta zauna. Ƙusar samanta tana can bisa iyaka, ta ƙasan ce kawai ke rawa a rami. Kada ka sake tura ta.

In kuwa ka ji ƙusa ta maƙale a sama ba ta saukowa, sauran duka kuma sun zama laushi babu mai cijewa, ka wuce iyaka. Ƙusar ƙasa ce ta shiga gangar jiki ta kulle zuciyar. Sassauta matsi kaɗan-kaɗan har ka ji ta faɗo. In da ita da sauran suka zubo tare, ba komai, sake farawa.

Bayan kowace ƙusa ta zauna, koma ka bi su duka daga farko, domin wadda za ta cije a gaba ba lallai ta zama maƙwabciyarta ba. Tana iya zama ta huɗu, sai ta ɗaya, sai ta uku. Da ta ƙarshe ta zauna, majuyi zai tafi da kansa. Ƙara masa ƙarfi yanzu ka juya har hannun kwaɗon ya tashi. In siririn majuyi ya kasa ƙarasa juyin, riƙe zuciyar a inda take, ka sa ƙaramin sukundireba ka ƙarasa.

Rubuta jerin da ƙusoshin suka bi. A kwaɗo ɗaya jerin ba ya canzawa muddin ɓangare ɗaya kake juyawa. Wannan taimako ne a farko, amma daga baya tarko ne, domin za ka haddace kwaɗon kana zaton ka iya. Da ka ga kana buɗe shi ba tunani, ɗauki na biyu.

8. In ya ƙi buɗewa

Kai kwaɗon kusa da kunne, saki matsi a hankali, ka ƙirga ƙarar ƙusoshin da ke faɗowa. In ka ji uku a kwaɗo mai biyar, kana kan hanya. In ba ka ji komai ba, matsinka bai kama ba, ko majuyi yana gogar gangar jiki a maimakon ya juya zuciya. Ɗan jawo shi waje ko ka koma ga guntun bakinsa. Duba kuma ko wuyan ƙugiya yana ture ƙusoshin gaba yayin da kake aiki a kan na baya. Maganin wannan shi ne ka saukar da hannun ƙugiyar, ko ka ƙera wata mai baki mafi tsayi.

In ƙugiya ta karye a ciki, saki matsi, kifa ramin ƙasa, buga kwaɗon a kan katako. In guntun bai fito ba, jawo shi da bakin allura. Kada ka tura makulli a kansa.

Akwai hanya mai sauƙaƙa koyo ƙwarai. Sayi silindar kubar ƙofa, irin wadda ake sayarwa ita kaɗai, ka kai wa mai yanka makulli ya cire ƙusoshi ya bar biyu, ya ba ka sauran a takarda. Ka ƙware a biyu, a mayar da ta uku, haka har su cika. Sai dai silinda, ba kamar kwaɗo ba, tana juyawa zagaye cikakke. In ka kai rabin zagaye ba makulli a ciki, ƙusoshin sama kan faɗo cikin ramin su tsayar da ita. Danna su da bayan ƙugiya duka lokaci ɗaya ka ci gaba da juyi, ko kuma kada ka kai ta wurin.

Kada ranka ya ɓaci in kwanaki sun wuce bai buɗe ba. A 1851, lokacin babban baje kolin Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya buɗe kwaɗon kamfanin Bramah da ya shekara fiye da hamsin a tagar kanti ana ƙalubalantar mutane da shi. Awa 51 ya yi yana aiki a kansa cikin kwana 16, kuma shi gwani ne da ke cin abinci da sana'ar. Minti ashirin kullum ya fi awa uku a zama ɗaya amfani.

9. Manjagara

Wannan ƙugiya ce mai tudu biyu ko uku a baki. Ana ƙera ta daga ruwan zarto, a fitar da tudun da magagari mai zagaye. Sa matsi mai sauƙi ƙwarai, zura ta, ka riƙa kai da komo a kan ƙusoshin kana ɗan canza tsayi, kana saki kana kama majuyi. Kwaɗo mai arha yakan buɗe cikin daƙiƙoƙi. In rabin minti ya wuce bai buɗe ba, saki ka sake. Na ajiye ta a baya da gangan. Tana saurin faranta rai amma ba ta koya wa yatsa komai, kuma tana cinye ƙusoshin tagulla in aka yawaita.

10. Ƙusoshin tsaro

Wata rana za ka sayi kwaɗo mai ɗan tsada, kana cikin aiki sai zuciyar ta juya sosai, ka ɗauka ya buɗe, sai ta tsaya cak. Ba ka yi kuskure ba. Masu ƙera shi sun sa ƙusar sama mai siffar kalangu, kai da gindi masu faɗi, tsakiya a tsuke. Bakin iyaka ya faɗa cikin tsukakken wurin, shi ya ba zuciyar damar juyawa ba tare da ƙusar ta fita ba.

Bi ƙusoshin ɗaya-ɗaya kana turawa a hankali. Wadda ka tura sai ka ji majuyi yana ture yatsanka baya, ita ce. Kada ka yi kokawa da shi. Sassauta, ka bar zuciyar ta koma baya a hankali yayin da kake ci gaba da ɗaga ƙusar, har gindinta mai faɗi ya haye iyaka ka ji ƙas. Sau da yawa wata ƙusar da ta riga ta zauna za ta faɗo a wannan komawar. Koma ka zaunar da ita. Kwaɗo ɗaya yana iya ɗaukar irin wannan biyu ko uku. Akwai kuma masu zara-zara a jiki, waɗanda ke ba da ƙas-ƙas sau da yawa kafin na gaskiya. Su matsi mai sauƙi suke so, kuma kana ɗagawa mataki-mataki kana gwada ko ƙusar ta zama sako-sako.

Kula da kayan

Ƙurar hunturu tana shiga kwaɗo ta sa ƙusoshi su riƙa cijewar ƙarya. Ajiye na gwajinka a gwangwani mai murfi. In ɗaya ya fara tauri, goga bakin fensir a haƙoran makulli, ka zura ka fitar sau da yawa, garin fensir ɗin ya isa. Kada ka ɗiga man gyaɗa ko baƙin mai, suna haɗuwa da ƙura su zama danƙo. Da damina, share ƙugiyoyi da tsumma mai ɗan maiƙo don kada su yi tsatsa, ka share su kuma kafin ka sa a kwaɗo. Ajiye su inda yara ba za su kai ba, bakinsu yana huda fata.

Kwaɗon da manjagara ta buɗe cikin daƙiƙoƙi kada ya koma ƙofar shago ko ɗakin ajiya, ya zauna cikin na gwaji. In za ka sayi na tsaro, ƙirga kwarin makullin ka nemi biyar ko shida masu bambancin zurfi, hannun kwaɗon ya zama mai kauri na ƙarfe mai tauri, kuma gangar jiki ta rufe yawancinsa yadda almakashin ƙarfe ba zai sami wurin kamawa ba. Duba maratayin da ke jikin ƙofar ma. In kan ƙusoshinsa suna waje inda sukundireba zai kai, kira mai walda ya canza shi kafin ka rataya sabon kwaɗon.